Ranar da Kafinta Ya Je Sayen Jita

Shekara talatin da ɗaya Kafinta ya yi yana kaɗa jita guda, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa jin yadda take fita a kunnen wani ba. Shi dai a cinyarsa ya san ta. In ya tashi daga aiki da yamma, sai ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa, ya sauko da ita daga ƙusar da take rataye, ya zauna a bencin ƙofar shago. Waƙoƙin duk nasa ne, yana tsara su ne yana goge ƙofa ko yana jiran gam ya kama. Akwai ta mai gidan haya da rufinsa ke yoyo. Akwai ta tsohon da ya zo a yi masa kujera mai ƙafa uku saboda daɓen ɗakinsa a karkace yake. Akwai kuma wadda ya yi wa matarsa, wadda ita matar ta rantse ba da ita ake ba, don ba ta da irin haƙurin da aka faɗa a ciki.

'Yarsa ta fari aikin ɗaukar sauti take yi a wani situdiyo a tsakiyar gari. Uwata yake ce mata, in kuwa tsokana ta motsa sai ya ce Injiniya. Ita ce ta zo wata Laraba da ɗan rikoda a jaka, ta ajiye shi a kan teburin aiki tsakanin zarto da gwangwanin ƙusoshi, ta ce ya yi waƙa ɗaya kamar ba ta wurin. Ya yi. Da ya gama ta sa masa abin ji a kunne ta kunna.

Ya saurara, ya ɗaure fuska, ya waiwaya bayansa.

"Wane ne yake yanka kwano lokacin da nake waƙa?"

"Babu kowa, Baba. Jitarka ce."

Ya sake saurare. Muryar tasa ce, ta ma fi yadda yake zato daɗi, kuma bai ji kunyar faɗa wa kansa haka ba. Amma a ƙarƙashinta akwai wani zizar ƙarfe da ke bin kowane bugu, in ya hau saman wuyan jitar kuma sai sautin ya kauce kamar ƙofar da ba ta shiga gidanta ba.

Sai a nan ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Mai situdiyon ya ji waƙarsa a wayarta, ya ba su kwana biyu su ɗauki guda bakwai. Kuma masu shirya bikin buɗe sabon ɗakin taron unguwa suna so ya yi wasa a wata mai zuwa, a gaban mutum kusan ɗari uku, da lasifika da komai.

"Waƙoƙin sun isa, muryar ta isa," in ji ta. "Wannan ce ba za ta je ba."

"Sai in gyara ta."

"Gyara mu gani."

Ya kwantar da jitar a kan teburi, ya rufe ido ɗaya ya bi wuyanta da kallo kamar yadda yake duba katako kafin ya saya. Wuyan ya lanƙwashe, ya kuma murɗe. Fuskarta ta kumbura a bayan jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa. Sau nawa ya buɗe ta ya liƙe, shi kansa bai sani ba, gam ɗin da ke jikinta ya kusa fin katakon yawa. Mutum ne da ba ya yi wa masu kawo masa gyara ƙarya. In kujera ta mutu yakan ce ta mutu. Ya ɗago kai.

"Ta gama aikinta. Ranar Asabar ki zo ki raka ni."

Da safiyar Asabar matarsa ta same shi yana cusa tef ɗin awo, da ƙaramar tocila, da ɗan madubinta na kwalliya a aljihu.

"Malam, ina za ka kai min madubi?"

"Aro na yi."

"To Allah ya sa ya dawo. Kuma kada ka jajibo mana wadda sai mun sayar da gado."

"Ni na yi gadon, na san ba zai yi kuɗi ba," ya ce. "Ba ta wasan yara zan saya ba, ba kuma ta masu fita ƙasashen waje ba. Ta tsakiya nake so, wadda za ta yi aiki."

Shagon kayan kiɗan yana hawa na biyu, a saman wani kantin magani. Jitoci ne rataye a bango sahu uku. Na ƙasa masu arha, ja da shuɗi da baƙi, suna ƙyalli kamar alewa. Na tsakiya sun fi kama da katako. Na can sama kuwa guda huɗu ne kawai, sai da tsani ake kai musu. Mai shagon, wani mai ƙiba da tabarau a goshi, ya ga dattijo da fensir a bayan kunne da tef a hannu, ya taso da fara'a.

"Yauwa, Malam, kai ne za ka auna mana kanta? Tun jiya nake jira."

"Kantar taka tana bukatar awo kam, ta zauna a gefen hagu," in ji Kafinta. "Amma yau jita na zo saya."

'Yar ta juya baya tana danne dariya. Mai shago ya ba da haƙuri, ya yi maza ya sauko da wata ja daga sahun ƙasa, ya ce wannan ita ce ake yayi, kuma ga sauƙi.

Kafinta bai ko taɓa tsirkiyarta ba. Ya haska tocila a gefen ramin da ke tsakiyar fuskarta, ya kira mai shago da yatsa.

"Zo ka gani. Ka ga layi uku a kaurin katakon nan? Falle-falle ne aka liƙa, aka shafe da fenti. In ƙofar banɗaki ce, babu laifi. Ni wadda fuskarta katako ne guda nake so, wanda jijiyarsa ta ratsa daga sama har ƙasa."

Mai shago ya sauko da tabaransa daga goshi zuwa hanci. Daga nan maganarsa ta canza, ya daina tallan launi.

Kafin su taɓa na tsakiya, Kafinta ya nuna sahun sama ya ce a sauko masa da ɗaya.

"Baba, ba ita muka zo saya ba fa," in ji 'yar a hankali.

"Na sani. So nake in ji inda abin ya ƙare, don in san me nake bari."

Aka sauko da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya buga sau ɗaya, sautin ya cika shagon ya daɗe bai mutu ba. Ya yi rabin waƙa a kanta, ya leƙa cikinta da madubi, ya ga aiki tsaf, babu ɗigon gam ko ɗaya da ya fito. Ya jinjina kai.

"Wanda ya yi wannan ya san Allah ya ba shi hannu. Mayar da ita, na gode."

Ya faɗi haka ne ba tare da wani ciwo a rai ba. Shi ma ya sha yin teburan da ba zai iya saya ba.

Na tsakiya guda tara ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ya ɗaga ta ya bi wuyanta da ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa fuskarta da gaɓar yatsa ya saurara, ya zura madubi ya duba sandunan da ke riƙe da ita ta ciki, sannan ya auna faɗin wuyan da tef. Yatsunsa manya ne, shekara da shekaru na riƙon guduma sun mayar da su kamar turaku, in wuya ya yi siriri sai yatsa ɗaya ya danne tsirkiya biyu. Wannan kaɗai ya fitar da huɗu. Wata kuma kunnuwanta da ake murɗawa a saita sauti suna santsi. Wata ya ga gam ya zubo a cikinta kamar an yi aikin ana sauri a tashi, ya ajiye ta gefe. Wata ba ta da wurin jona wayar lasifika, 'yar ta ce a ɗakin taro za su sha wahala da ita.

Saura biyu. Ɗaya babba ce mai faɗin ciki, katakon bayanta ja-ja mai duhu, jijiyarsa a miƙe kamar an ja da rula. Ɗayar matsakaiciya ce mai siririn ƙugu, fara-fara, ba ta da wani ado.

Tun kafin ya buga babbar, zuciyarsa ta riga ta tafi wurinta. Da ya buga kuwa sai ya ji ta har a haƙarƙarinsa, wani kauri mai daɗi kamar ana mirgina ganga a ɗaki.

"Shi ke nan," ya ce. "Wannan ce. Dubi katako, Uwata. Wannan itacen ya yi shekara hamsin a tsaye kafin a sare shi."

"Kyakkyawa ce," ta ce. "Ka yi waƙa a kanta tukuna. Ba bugu kawai ba, da murya."

Ta fito da rikodanta, ta roƙi mai shago ya kashe fanka. Ta sa uban ya yi baiti biyu da babbar, sannan ya maimaita su da matsakaiciyar. Ya yi na biyun ne don kawai kada a ce ya ƙi. Ƙarshen ƙarafunan da ke jere a wuyanta suna kartar hannu, tsirkiyoyin kuma sun yi sama da yawa, sai ya danna da ƙarfi.

"Kin gani? Ko gama ta ba su yi ba."

Ba ta yi musu ba. Ta sa masa abin ji a kunne.

"Ba zan faɗa maka wacce ce wacce ba. Ka saurari kalmominka kawai."

A ta farko jita ce ta cika ko'ina. Muryarsa mai kauri ce, jitar ma mai kauri, sai suka haɗu wuri guda suna ture juna, ƙarshen kowace kalma yana nutsewa. A ta biyu jitar ta koma gefe, tana tafe tsaf-tsaf, kowace tsirkiya da muryarta, shi kuma yana tsaye a tsakiya ana jin har numfashinsa.

Ya cire abin jin. Ya san wacce ce wacce, ba sai an faɗa masa ba, kuma abin bai yi masa daɗi ba.

"Na'urarki ce ba ta son babbar."

"Makirfo ba ya zama a cinyarka, Baba. A gabanka yake zama, inda mutane suke. Kai kana jin ta da ciki, su da kunne za su ji."

"A ɗakin taro ai ƙarfi ake so."

"To mu gwada ƙarfin."

Mai shago, wanda zuwa yanzu ya jawo kujera ya zauna kamar mai kallon wasa, ya tashi ya jona babbar da lasifika. 'Yar ta ce ya ƙara sauti zuwa yadda za a bukata a babban ɗaki. Kafinta ya buga sau biyu, a na uku sai lasifikar ta ɗauki wani gunji, wuuu, yana ƙaruwa, har jitocin bango suka fara amsawa. Mai kantin magani ya leƙo daga matakala yana tambaya ko lafiya. Aka zare waya. Aka jona matsakaiciyar, aka kai sautin daidai wurin, har aka ɗan wuce. Shiru, sai kiɗa.

"Cikinta ya yi girma, shi ya sa," in ji 'yar. "Tana jin kanta a lasifika sai ta kama kuka. Ana iya toshe mata baki da roba, amma kuma ka kashe abin da ya sa kake son ta."

Kafinta ya zauna da babbar a cinya, yana shafa bayanta da tafin hannu. Ya dubi 'yarsa. Tsaye take da waya a naɗe a hannu, ba ta murmushin cin nasara, jira kawai take. Sai ya tuna yadda yake ji in wani ya zo shagonsa ya nace sai an yi masa ƙofa da katakon da ya ga ya yi masa kyau, alhali shi ya san damina ɗaya za ta murɗe shi. Yakan faɗa sau biyu, in mutum ya ƙi ji ya ƙyale shi. Ita yanzu ta faɗa sau biyu ke nan.

Ya miƙa wa mai shago babbar.

"Rataye ta. Wani mai siririyar murya zai zo, ta dace da shi." Ya juya wurin 'yar. "Injiniya, kin fi ni kunne. Amma ba ki fi ni ido ba, kawo ta nan."

Ya sake bin matsakaiciyar da tocila da madubi, wannan karon a natse. Fuskar katako guda ce, jijiya ƙanana a jere. Wuyan a miƙe yake sak. Aikin ciki mai tsabta ne. Abin da ya rage mata duk na gamawa ne: jakin ya yi tsawo, bakin ƙarafunan ba a goge ba.

"Ginin yana da kyau, gaggawa aka yi a ƙarshe," ya ce. "Wannan aikin awa biyu ne."

"Malam, in ka taɓa ta da magagari, ba zan iya karɓar ta ba in ka dawo da ita," in ji mai shago.

"Ba za ta dawo ba."

Aka yi ciniki ba tare da ja-in-ja ba, mai shago ya ƙara musu da jaka mai soso da sabbin tsirkiyoyi. Suna bakin ƙofa ya ce, "Kantar nan fa, Malam?"

"Talata. Ka sauke kayan da ke kanta kafin in zo."

Washegari da hantsi ya share teburin aiki, ya shimfiɗa tsohon bargo, ya kwantar da ita. Ya sassauta tsirkiyoyi, ya zare ɗan farin jakin, ya ja masa layi da fensir a ƙasa, siriri kamar gashi. Ya goga shi a kan samfefa a hankali, ya mayar, ya ɗaure, ya gwada, ya sake zarewa. Sau uku ya yi haka, don abin da aka goge ba ya dawowa. Sannan ya liƙa takarda a gefen wuyan don kada ya ji wa katako ciwo, ya bi bakin ƙarafunan ɗaya-ɗaya da ƙaramin magagari har sai da ya shafa da bayan hannu ya ji sumul. Matarsa ta kawo masa shayi ta tsaya tana kallo.

"Sabuwa fil, ka kwance ta. Wannan in aka ba ka jariri sai ka duba ko an ɗaura masa kunne daidai."

"Na duba na Uwata ai. Daidai suke, jiya na tabbatar."

Ya buga mata. Yanzu yatsa yana sauka tsirkiya take kwantawa. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki kofinta, ta ce sautin ya yi, amma har yanzu ba ita ce ta cikin waƙar ba.

A situdiyo aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai soso a bango, makirfo ɗaya a gaban bakinsa, ɗaya a daidai inda wuyan jita ya haɗu da jikinta. 'Yar tana bayan gilashi, ita ke ba da umarni. Ta ce ya matsa baya kaɗan, ya matsa. Ta ce ya daina buga ƙafa a ƙasa, makirfo yana ɗauka, sai ya cire takalmin gaba ɗaya ya ci gaba da bugawa da safa. Ranar farko suka ɗauki huɗu, rana ta biyu uku, har lokaci ya ragu. Mai situdiyon ya shigo ya saurari ɗaya, ya tambayi wace irin jita ce wannan, da aka nuna masa sai ya juya ta gaba da baya yana neman abin da ya ɓoye a jikinta.

Ranar buɗe ɗakin taron, ƙarfe huɗu na yamma aka kira shi. Kujeru sun cika, wasu na tsaye a jikin bango. Ya hau da farar riga da matarsa ta goge, 'yar ta jona masa waya ta koma can baya wurin na'urarta. Da ya ga yawan fuskokin sai hannunsa ya yi sauri, baitin farko ya tafi da gudu kamar ana korar sa. Ya ji da kansa. Ya tsaya cak, ya dubi jama'a.

"Ku yi haƙuri, na yanka ban auna ba. Bari mu sake."

Aka yi dariya, dariyar kuma ta sauke masa kafaɗa. Ya sake farawa a natse. Jitar ta fita tas har bangon baya, ba gunji ba ziza, muryarsa na zaune a kanta daram. A waƙa ta uku ya lura mutanen sahun ƙarshe suna dariya daidai inda abin dariyar yake, ba bayan na gaba sun yi ba, ya san kalmomin suna isa. Daga nan ya saki jiki, ya yi biyar, aka ƙi barin sa ya sauka sai da ya ƙara ɗaya.

Da mutane suka watse, ya tarar da 'yar tana naɗe wayoyi ita kaɗai. Ya rataya jitar a baya, ya sunkuya ya ɗauki lasifika ɗaya.

"Baba, ajiye, akwai masu ɗauka."

"Na ɗauki abin da ya fi wannan. Ina motar?"

Suka fita tare ta ƙofar gefe, ita a gaba da wayoyi, shi a baya. A hanya ta ce ta gama haɗa waƙoƙin situdiyo, sai dai ta shida, akwai inda ya yi tari a tsakiyar baiti, tana so ya dawo su sake.

"Ana jin kalmar?"

"Ana ji."

"Jitar ta fita?"

"Ta fita sosai."

"To bar shi. Shekara talatin ina shaƙar garin katako, in ba a ji tari ba ai sai a ce wani ne ya yi." Ya ajiye lasifikar a bayan mota, ya tura ta ciki da gwiwa. "Saura lasifika nawa a ɗakin?"

"Uku."

Ya juya ya koma ɗauko ta biyu.